Baba Na-Faɗa-Maka da Surukinsa

Idan ka taɓa hawa motar Zabarmari daga tashar da ke bakin Old Maiduguri, to ka san mahaifina ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan ɗan Shuwa mai tebur a gindin dogonyaro, wanda wata igiya ke rataye a reshe saman kansa tana ci da wuta a hankali tun safe har magariba, masu shan sigari suna kunnawa a jikinta. Sunansa Tahir. Amma in ka tambayi Tahir a tashar nan mutum biyar za a nuna maka. Ka ce Baba Na-Faɗa-Maka, ko mai facin taya zai kai ka.

Ni ce 'yarsa ta uku, Safinatu, kuma ni ce na ɓoye masa gaskiya shekara goma sha huɗu. Gara in faɗi wannan tun yanzu, kada wani ya ɗauka mutuniyar kirki ce ke ba da labarin.

Baba ba ɗan tebur ba ne tun asali. Bayan shanu ya tashi, shi da kakanninsa. Shekarar da fari ya haɗu da annobar dabbobi, kafin a haife ni, garkensu ya ƙare a idonsa cikin wata biyu. Ya shigo Yerwa, wato Maiduguri, da mahaifiyarmu Ya Fanna, da tabarma, da saniya ɗaya wadda ita ma ba ta kai ko'ina ba. Wani Inyamuri mai shago a kasuwa, Onyema, shi ya ba shi shawarar kafa tebur, ya kuma zama wurin sarinsa: goro, alawa, ashana, reza, sabulu, da sigari. Baba bai taɓa sa sigari a bakinsa ba, ko sau ɗaya. Ya ce warinta kamar an ƙona kofato. Amma ita ce ke tsayar da mutane a gaban tebur.

Ya fara ne daidai lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Ma'aikata suka daina sayen kwali, suka koma kara biyu, kara ɗaya. Direbobi da 'yan dako kuwa har kara ɗayan ya fi ƙarfinsu, sai Baba ya riƙa ɗora karan a kan katako ya raba shi biyu da reza. Ashana ma ta zama abin lissafi, shi ya sa ya rataye igiya. Duk wanda ya sha sigari a tashar nan a waɗannan shekaru, rabin kara ya sha, a igiyar Baba ya kunna, kuma a kan Baba ya busa hayaƙin.

Wata rana kaya suka zo da sabon rubutu a gefen kwali. Baba ba ya karatun boko, amma idonsa na makiyayi ne, ko ɗigo aka ƙara sai ya gani. Ya ɗauki kwali ɗaya ya tafi wurin Onyema.

"Onyema, mene ne wannan suka ƙara? Farashi ne?"

Onyema ya ɗora tabarau ya karanta, ya yi dariya. Hausarsa ta fi ta Baba ma a lokacin. "Ba farashi ba ne, Tahir. Ma'aikatar lafiya ce ke gargaɗi. Ta ce masu shan wannan abin suna iya mutuwa da ƙuruciyarsu."

"Gwamnati ce ta faɗa?"

"Ita ce."

"To me ya hana ta hana sayarwa?"

"Haba Tahir! Ita tana karɓar haraji a kai, manomi yana noma ta, ni ina biya wa 'ya'yana makaranta da ita, kai kana sayen gero. Wa zai fara sakin nasa? Ɗauki kayanka ka tafi, mutane na jira."

Ya Fanna ta ba mu labari cewa ranar Baba bai ci abinci ba. Washegari ya kwashe sigarin ya tura ƙarƙashin gado, ya kashe igiya, ya fita da goro da alawa kawai. Kwana tara ya yi a haka. Mutane suka riƙa wuce shi suna tsallaka titi wurin wani, kuma inda suka sayi sigari nan suke sayen goro da ashana. A rana ta goma babu abin ɗorawa a murhu, ga baki shida a gida. Ya Fanna ta kife tukunya a ƙofar ɗaki inda zai gani. Ya sunkuya ya jawo kayan daga ƙarƙashin gado.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne wannan: saƙon a jikin kwali aka rubuta, shi kuwa ba mai sayen kwali a wurinsa. Kara ake saya, ko rabi. Kwalin a hannunsa yake ƙarewa. Ya ce ke nan an ba shi saƙo ya kai wa mutane, shi kuma yana jefa shi a kwandon shara, kuma ranar gobe ƙiyama za a tambaye shi. Don haka ya yanke wa kansa hukunci. Duk wanda ya miƙa wa sigari, sai ya riƙe ɗaya bakin karan, ya dubi idon mutum ya ce, "An ce tana kashe mutum da ƙuruciyarsa. Na faɗa maka." Sannan ya saki.

Kai, an yi masa dariya! Wasu su gaishe shi da Barbarci su ce, "Wushe, likita!" Wasu su riga shi faɗa. Akwai sojan da ya taɓa daka masa tsawa ya ce bai zo wa'azi ba, Baba ya riƙe karan gam har sai da ya kai ƙarshen maganarsa. Mutum ya zo sau shida a rana, sau shida zai ji. Shekara talatin da wani abu yana yi, cikin dokar hana fita, cikin shekarun da ƙarar bindiga ke sa kowa ya kwanta a ƙasa. In an tashi an kakkaɓe riga wani ya ce a ba shi rabi don hankalinsa ya dawo, sai Baba ya ba shi tare da gargaɗin. Daga baya aka fara sa hotuna masu tayar da zuciya a kwalin, sai ya riƙa jera su a gaban tebur suna kallon titi. An ce ma an yi dokar hana sayar da kara-kara, amma ba ta taɓa sauka a tasharmu ba.

Ko mutum ɗaya bai daina sha saboda maganarsa ba. Ya san haka, kuma yana cinsa. Sai Mahmud.

Mahmud direban a-kori-kura ne, yana kai manoma Zabarmari ya dawo da buhunan shinkafa. Shekara bakwai yana sayen sigari a wurin Baba, safe da yamma. Rana ɗaya ya daina. Ya zo ya sayi goro, ya gaida Baba a durƙushe, ya wuce igiya ko kallonta bai yi ba. Sati ya wuce, wata ya wuce. Baba ya dawo gida fuskarsa kamar an ce shanunsa sun dawo, ya ce wa Ya Fanna, "Yau dai na san ba a banza nake magana ba. Mutum ɗaya ya ji."

Bayan wata huɗu magabatan Mahmud suka zo neman aurena. Akwai masu nema biyu da suka fi shi abin hannu, Baba bai ko saurare su ba. Ya ce mutumin da ke jin magana shi ake ba wa 'ya.

A satin farko bayan aure na gane. Na ɗauko rigarsa zan wanke, sai ga rabin kara a aljihu. Na tsare shi da ita a hannu. Ya sosa ƙeya ya ce, "Safina, ki rufa mini asiri. Ranar da na gan ki kin kawo wa Baba abinci, ranar na san ba zan ƙara iya shan taba a gabansa ba. Wa ke busa hayaƙi a gaban wanda yake so ya zama surukinsa?" Ashe can wajen kasuwar shanu ya koma saya, inda ba wanda ya san shi. Ba gargaɗi ya ji ba, kunya ce kawai ta kore shi daga tebur.

Ya kamata in tafi in faɗa wa Baba a ranar. Ban je ba. Ina amarya, ina son mijina, ga Baba kuma yana yawo da sunan Mahmud a baki, duk wanda ya yi masa dariya sai ya ce, "Je ka tambayi mijin 'yata." Sai na zama abokiyar ɓoyo. Mu 'yan Borno ba a koya mana turaren wuta. Duk ranar da za mu gidan Baba, sai in kife kwando a kan kasko in shimfiɗa rigar Mahmud da hularsa har su sha hayaƙi su ƙoshi, in ba shi kanumfari ya tauna. Shi kuma dama ba kusantar Baba zai yi ba. Tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa kansa a ƙasa, ya tashi ya fita. Ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa haɗa ido, Baba ko sunansa ba ya kira, sai dai ya ce "mai gidanku." Tsakanin wannan nisa da kaskona, shekara goma sha huɗu suka wuce lafiya lau.

Bara tari ya kama Mahmud. Muka ce ƙaiƙayin shinkafa ne. Muka ce sanyin ruwan ambaliya ne da ya shiga yana kwashe mutane. Aka sha citta, aka sha zuma, tari na nan. Ya zama in ya ɗaga buhu ɗaya sai ya dafa mota yana neman numfashi. Ranar da na ga jini a tsumman da yake tofa kaki, ban tambaye shi ba, na sa hijabi na tsaya a bakin ƙofa na ce ko ya bi ni asibiti ko in tara masa unguwa.

Aka ɗauki hoton ƙirji. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Agnes, mutuniyar Biu mai magana ba kwana-kwana, ita ta yi mana bayani bayan likita ya gama nasa Turancin. Ta ce huhun ya riga ya lalace wani ɓangare, abin da ya tafi ba zai dawo ba. "Amma abin da ya rage zai iya riƙe ka shekaru, in ka bar taba yau. Yau, ba gobe ba. In ka ci gaba, madam ta fara shiri." Haka ta faɗa, a gabansa.

Ya rantse mini a bakin asibitin cewa ya bari. Kwana uku ya yi. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi gaba, na ɓoye ashanar gida kaf, na jera masa 'ya'yanmu huɗu a gabansa na ce ya dube su. Ya dube su idonsa ya kawo ruwa, washegari ya dawo yana wari. Ban ce ba ya ƙoƙari ba. Tun da aka cire tallafin mai yake fita da fargaba ya dawo da fargaba, ga hanya ba tabbas, ga layi a shingen bincike wani lokaci awa biyu cikin rana. Ya ce a layin nan ne hannunsa ke tafiya aljihu da kansa. A gida ina iya tsare shi. A hanya fa? Ba ni da ido a hanya.

Na rasa zama na rasa tsaye. In ɗora tukunya in manta ban sa gishiri ba, in ji ƙarar mota in fito da gudu, in yana barcin rana in tsaya a kansa ina ƙirga numfashinsa. Na duba duk duniya, mutum ɗaya ne Mahmud ba ya iya shan taba a gabansa. Kuma kafin in nemi taimakon mutumin nan, sai na fasa masa abu ɗaya tak da yake alfahari da shi.

Na je tashar da hantsi. Ya Fanna ta rasu shekara biyar ke nan, da tana nan da ita zan aika. Na tarar da Baba yana raba kara da reza. Na durƙusa gefen tebur na ce, "Baba, magana ce da ni." Na faɗa masa duka, har kwando da kasko da kanumfari. Ina magana ina jiran ya ɗaga murya, wallahi da ya mare ni da na fi jin daɗi.

Ya ajiye rezar. Wani ɗan dako ya zo ya ce a ba shi rabi, Baba ya miƙa masa, ya saki karan ba tare da ya faɗi komai ba. Mutumin ya tsaya yana jira, ya ce, "Baba, ba ka faɗa mini ba." Baba bai ko ɗago ba.

Can ya ce, "Ke nan ba ko ɗaya."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Shekara bakwai ni na sayar masa. Da hannun nan." Ya juya tafin hannunsa yana kallo. "Ƙarfe nawa yake fita?"

"Bayan asuba. Baba, magana kawai za ka yi masa, kai zai ji."

"Magana? Shekara talatin ina magana, Safinatu. Ga abin da ta haifa."

Ya miƙe ya ɗauki butar alwalarsa, ya tsiyaya ruwa a bakin igiya. Ta yi cuuu, ta mutu. Ya ce in taya shi haɗa kaya.

Washegari Mahmud ya isa tasha ya tarar da surukinsa zaune a gidan gaba na motarsa, da carbi da buta da ɗan ƙullin dabino. Mahmud ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa ya gaishe shi. Baba ya amsa yana kallon gilashi. Aka gama lodi, Baba bai sauka ba. Mahmud ya zagaya motar sau biyu, ya buɗe bonet ya rufe, ya rasa wanda zai tambaya. Ta yaya zai ce wa surukinsa ina za ka? Haka ya shiga ya tayar da mota, gumi na zuba.

Baba bai ce masa uffan a kan taba ba, ranar ko bayanta. Zama kawai yake yi. Su je Zabarmari tare, a yi lodin shinkafa yana tsaye a inuwar mota, su dawo tare. A layin shinge Mahmud ya riƙe sitiyari da hannu biyu har jijiyoyi su fito, Baba na gefe yana jan carbi. In Mahmud ya ce zai zaga, Baba ya ɗauki buta ya bi bayansa ya tsaya daga nesa. In sun dawo, sai ya raka shi har ƙofar gidanmu a Maisandari, ya tabbatar ya shiga hannuna, sannan ya hau Keke mai ƙafa uku ya tafi gida. Mutum biyu da ba sa iya cin abinci a gaban juna, sai dai kowa ya juya baya ya ci nasa.

Mahmud ya dawo a rana ta uku kamar zai fashe. "Safina, ke kika yi wannan! Kin kashe ni! Gwiwata tana gogar gwiwar Baba duk lokacin da zan sa giya! Ga kujerar fasinja guda ta tafi, a wannan tsadar man!" Na ce ya je ya sauke shi in ya isa. Ya shiga ɗaki yana ta zagaye yana tauna tsinke. 'Yan tasha kuwa sun samu abin yi, in motar ta taso sai su ce ga ango da mai gadinsa.

Wurin Baba a gindin dogonyaro bai yi sati ba wani ya kafa nasa tebur, da laita ɗaure a zare. Shi ba ya faɗa wa kowa komai. Onyema, wanda yanzu sai da sanda, ya zo har gida ya ce, "Tahir, ka haukace? Wurin shekara arba'in?" Baba ya ce ai ya samu aikin kwandasta. Abincinsa ya dawo wuyanmu ni da yayyena, a lokacin da kowa ke fama da nasa, kuma ba zan ce ba a yi gunaguni ba.

Amma tari ya ragu. Wata biyu, wata uku, jinin ya ɗauke. Mahmud ya fara cin abinci kamar mai ramuwa, ya ɗaga buhu bai dafa mota ba. Sista Agnes ta sa abin saurare a bayansa ta ce, "To, wa ya yi wannan aikin?" Na ce mahaifina.

A wata na biyar Baba ne ya fara tari. Ga tsufa, ga jijjigar hanyar nan kullum. Ya ɓoye, har ranar da ya zo sauka daga mota ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, Mahmud ya tare shi. Muka kai shi asibitin nan dai. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya tambaye ni shekara nawa tsohon ya yi yana shan taba. Na ce ko kara ɗaya bai taɓa sha ba. Ya dube ni kamar mai ƙarya. Ban iya yi masa bayanin igiya ba, kuka ya ci ƙarfina.

Aka ce ya kwanta, ba hanya, ba ƙura. Na dawo da shi gidanmu, ɗakin baƙi, abin da a da ko da wasa ba zai yarda ba. Shekaranjiya Mahmud ya fita shi kaɗai, karo na farko. Yinin ranar ban zauna ba. Na share tsakar gida sau uku. Baba ma daga ɗaki yana ta tambayata ko an yi la'asar.

Da yamma Mahmud ya shigo, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, bayan labule, ya yi gaisuwa. Baba ya amsa. Sai na ga hannun Baba ya fito ta ƙasan labulen, a buɗe.

"Mahmud," in ji shi. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba tun ranar ɗaurin aure. "Ba ni hannunka."

Mahmud ya dube ni. Ya goge hannun a rigarsa, ya miƙa. Baba ya ja hannun ciki. Ina tsaye ina jin yadda yake shinshina yatsun, ɗaya bayan ɗaya, numfashinsa na ƙara kamar tsohon zuga-zugi. Ya daɗe. Sannan ya saki, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Safinatu, a ba shi abinci."

Mahmud ya tashi ya nufi ɗakinsa bai ɗago kai ba. Ni kuwa har na fara hamdala. Na shiga in ɗauko kwanon kunun Baba, sai ya riƙe bakin zanena, ya jawo ni kusa.

"Rabi ya sha," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wajen azahar. Ya wanke da sabulu."

"Baba, likita ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Ya faɗa mini." Ya yi tari har sai da na tallafe shi. Da ya lafa ya ce, "Ki nemo mini matashi biyu. Gobe in an yi sallah ku kama ni ku ɗora ni a gidan gaba na motar."